San Andreas ya tashi a Linux Mint amma mods sun ƙi shiga, dan Allah a taimaka

Ɗan Zoo Road: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu amfani da Linux ina neman taimakonku. Laptop ɗina tsohuwa ce, core i5 ƙarni na huɗu, RAM giga 8, girafik ɗin Intel na ciki, irin waɗanda Windows 11 baya hawa kansu, to da wa'adin Windows 10 ya ƙare a Oktoban 2025 sai na goge na saka Linux Mint. Karatu da taifin da kallo duk lafiya lau. Damuwata GTA San Andreas ne. Na kwafo foldar gaba ɗayanta daga had ɗina na waje, na buɗe ta Lutris, manhajar da ake tada wasannin Windows da ita a Linux, gem ya tashi har na hau keke a Grove Street, amma sai kace ban taɓa saka masa mod (ƙari ko gyaran da 'yan wasa ke yi wa gem) ko ɗaya ba. CLEO mai loda ƙarin umarni cikin gem baya aiki, gyaran faɗin sikirin baya aiki, motocin da ke cikin modloader babu ko guda. Kuma foldar nan ita ce dai wadda ke aiki a Windows ban taɓa komai a ciki ba.

Abu Sumayya: Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin komai, leƙa cikin foldar inda gta_sa.exe yake ka faɗa min, akwai fayil mai suna dinput8.dll ko vorbisHooked.dll ka gani?

Ɗan Zoo Road: dinput8.dll ne yaya, babu ɗayan

Abu Sumayya: To shi ke nan an gano. Mods ɗinka lafiyarsu ƙalau, ba a loda su bane kawai. Wannan dinput8.dll da ka gani ba na asali bane, Ultimate ASI Loader ne ya ari sunan, saboda a Windows idan gem ya nemi dll ana fara duba foldarsa, sai ya ɗauki wannan, shi kuma ya janyo duk fayilolin .asi wato CLEO da modloader da gyaran sikirin, sannan ya miƙa ragowar aikin ga dinput8 na gaske. Shi kuwa Wine, shirin da Lutris ke amfani da shi wajen tada wasannin Windows a Linux, yana da nasa dinput8 da ya zo da shi kuma shi yake fifitawa, sai ya tsallake naka, kaga duk abin da ke rataye a jikinsa ya faɗi.

A Lutris danna dama a kan gem ɗin, Configure, Runner options, ka sauka zuwa DLL overrides, a gidan farko rubuta dinput8 a na biyu rubuta n,b. Ma'anarsa a fara da na cikin folda, in babu a koma na Wine. Wanda yake buɗewa ta Steam kuma wannan zai saka a launch options:

WINEDLLOVERRIDES="dinput8=n,b" %command%

Dalilin da yasa na tambayi vorbisHooked, masu loda na Silent (wani mai rubuta mods) wanda ke maye gurbin vorbisFile.dll basa shiga wannan matsalar don Wine bashi da nasa vorbisFile da zai yi gasa da shi.

Mai Gyara Farm Centre: Samari ku yi haƙuri zan faɗi ra'ayina. Ni kullum injinan nan ne a gabana a shago, kuma gaskiya ban ga dalilin da yaro zai wahalar da kansa da rubuta wasu haruffa kafin ya buga gem ɗin 2005 ba. Ka raba had ɗin biyu, Mint a gefe Windows 10 a gefe, in za ka yi gem ka kashe intanet ka shiga Windows. Ƙarewar wa'adi ba yana nufin injin ya daina tashi bane, har ma akwai tsarin ƙarin kariya da ya kai Oktoban 2026 ga wanda ya yi rijista. Duk wanda ya rubuta mod ɗin nan a Windows ya rubuta shi a Windows ya gwada, in ya lalace a Linux wa za ka kai wa ƙara?

Abu Sumayya: Malam maganarka akwai gaskiya a ciki, musamman ta ƙarshen. Amma shi Windows ɗin ma ai ba tsayawa yayi wuri ɗaya ba, tsofaffin wasanni suna karyewa a kansa. Tun Windows 10 aka cire direban SafeDisc, faifan asali da mutum ya saya da kuɗinsa masu wannan kariyar suka daina buɗewa. Shi kansa San Andreas da Windows 11 24H2 ya fito jirgin nan mai sauka a ruwa, Skimmer, ɓacewa yayi daga gem ɗin. Silent mai SilentPatch, mod ɗin da ke gyara kurakuran gem ɗin, ne ya bi diddigi a 2025 ya gano tun farko layin jirgin a vehicles.ide bai cika ba, akwai lambobin da ba a rubuta ba, gem ɗin yana ɗaukar duk abin da ya tarar a ƙwaƙwalwa kuma kusan shekara 20 yana dacewa da lamba mai kyau, da aka ɗan canza wani abu can cikin Windows sai dacen ya ƙare. Kaga ko ina kake 'yan mod ne ke riƙe da wasannin nan. A Wine kuma in sigar da kake kai tana maka aiki za ka iya daskare ta a nan har abada, kowane gem da sigarsa.

Mai Gyara Farm Centre: Na yarda da labarin jirgin. Amma kai injiniya ne, kwastomana ba injiniya bane.

Ɗan Zoo Road: Alhamdulillah!! Yaya Abu Sumayya Allah ya saka da alheri, CLEO ya fito, sikirin ya daidaita, motocina sun dawo wlh naji daɗi sosai. Saura abu biyu. Na farko gem ɗin yana ɗan sarƙewa wani lokacin ma baƙin sikirin yake bani sai na sake buɗewa. Na biyu yanzu na sauke wani fak na motoci na warware shi a cikin foldar, surar motocin ta canza amma tuƙinsu na da ne, babbar mota tana juyawa kamar ƙarama

Ummu Haidar: Ƙanina na biyun ni zan amsa maka don na sha ganinsa a Morrowind da Skyrim. Buɗe foldar gem ɗin ka duba da kyau, ina kyautata zaton za ka ga folda biyu, data da ƙaramin d da kuma Data da babban D. A Windows suna ɗaya ne, a Linux suna biyu ne daban. Mai fak ɗin ya rubuta Data, da ka warware da manhajar Mint sai ta ƙirƙiri sabuwar folda a gefe maimakon ta zuba a tsohuwar, gem kuma yana karanta handling.cfg na cikin tsohuwar. Kwashe abin da ke cikin sabuwar ka zuba a tsohuwar ka goge fankon, ka lura da sunayen fayilolin ma kada handling.cfg da Handling.cfg su zauna tare.

Don kada ya sake faruwa, ko dai ka saka 7-Zip na Windows a cikin Wine ka riƙa warwarewa da shi, don duk abin da ya bi ta Wine baya bambance babba da ƙarami, ko kuma wanda yafi, tunda kana da modloader ka daina zuba komai a kan fayilolin asali. Kowane fak ka bashi foldarsa a cikin modloader, in ya kawo rikici ka cire foldar kawai.

Ɗan Zoo Road: Wallahi anti haka ne, guda biyu ne kuwa, har models ma akwai Models. Na gyara tuƙin ya daidaita

Abu Sumayya: Madalla. Baƙin sikirin kuma daga girafik ne. Lutris yana kunna DXVK da kansa, wanda aikinsa juya Direct3D, hanyar zanen girafik ta Windows, zuwa Vulkan da Linux ke ganewa, kuma abu ne mai kyau ƙwarai, shi ne ginshiƙin Proton, wato Wine ɗin Steam, da Valve suka fitar a 2018. Sai dai daga siga ta 2.0 yana buƙatar Vulkan 1.3, girafik ɗin Intel na ƙarni na uku da na huɗu kuma Vulkan ɗinsu bai cika ba, na ƙarni na biyu ma babu sam. A wancan shafin na Runner options kashe DXVK, sai ya koma WineD3D mai bi ta OpenGL. Ga gem irin San Andreas ya isa har yayi yawa. A Steam kuma PROTON_USE_WINED3D=1 %command% ne. In kana son gwaji akwai DXVK 1.10.3 da ke karɓar tsofaffin katuna amma ni a injinka OpenGL zan zauna.

Sannan kar ka kashe frame limiter na cikin gem ɗin don neman gudu, an ɗaure lissafin motsinsa da yawan firam ne, in ya wuce ƙima iyo a ruwa zai yi nauyi motoci su riƙa wani iri. Wannan a Windows ma haka yake. Ka saka SilentPatch ka bar limita a kunne.

Sai Masu Gida: Jama'a tunda an buɗe maganar, ni PES ne damuwata ba GTA ba. Ina da PES 2013 da na sha wahala na haɗa masa rigunan Kano Pillars kore da ruwan ɗorawa a Kitserver, mod ɗin saka riguna, da hannuna, har tambari, in zan koma Linux in rasa wannan gara in zauna inda nake. Kuma hannu biyu muke bugawa da ƙannena, hannayen nan na USB masu araha

Abu Sumayya: Ba za ka rasa ba ɗan uwa, rigunan fayiloli ne a foldar GDB, kwafe su za ka yi kamar kowane hoto. Kitserver a jikin exe ɗin yake liƙa kansa, in an riga an liƙa shi ka kwafi foldar duka tare. Inda mutane ke faɗuwa Sider ne, mai loda mods na su PES 2017 zuwa 2021, don shi shiri ne daban da dole yana kunne kafin gem ya tashi, kuma dole su kasance a prefix ɗaya.

Bari in yi bayanin prefix ɗin nan don rabin tambayoyin da ake yi a gidan nan amsarsu kenan. Folda ce da Wine ke ginawa mai kama da ƙaramin Windows, da drive_c ɗinta da rajistarta. Kana iya yin guda nawa kake so kuma ba sa ganin juna. In ka danna Sider sau biyu daga tebur zai buɗe a .wine na gida, gem kuma yana can a prefix ɗin Lutris, kowa na jiran ɗan uwansa ba za su taɓa haɗuwa ba. A Lutris akwai Run EXE inside Wine prefix, da shi za ka buɗe duk wani kayan aikin mod. Na Steam suna steamapps/compatdata kowane gem da lambarsa, San Andreas 12120 ne, kuma protontricks ake shiga da shi. Haka in kayan aikin ya nemi .NET ko d3dx9 ko vcrun, a wannan prefix ɗin za ka saka da winetricks ba a wani ba. Hannayen USB kuma yawancinsu Linux na ganinsu da zarar an soka.

Mai Gyara Farm Centre: To kun gani, prefix, winetricks, protontricks. Kuma ku faɗa wa yaran gaskiya, sabuwar ƙwallon EA fa? Ita suke tambaya a shago kullum.

Abu Sumayya: Bata aiki Malam, kuma ba zan ɓoye ba. Tun FIFA 23 suka saka mai hana maguɗi da ke shiga can cikin zuciyar Windows, Wine bashi da hanyar kwaikwayonsa. Valorant haka, Fortnite haka, GTA Online ma tun da aka saka masa BattlEye a Satumban 2024 masu Linux suka fita daga onlayin, labarin GTA V na kai kaɗai ne ya rage musu. Wanda waɗannan ne wasanninsa ya riƙe Windows. Amma mu tsofaffi muke magana, kuma injin ƙarni na huɗu da girafik na ciki ko da Windows ba zai ɗauki sabuwar ƙwallon ba.

Ummu Haidar: Malam mai gyara ni ba injiniya bace, malamar makaranta ce, kuma na koya. Wani abin ma da ba a ambata ba, akwai wasannin da basa buƙatar Wine ko kaɗan saboda mutane sun zauna sun sake rubuta injinsu daga tushe. Morrowind na 2002 da OpenMW nake bugawa, kai tsaye yake tashi a Linux, ka nuna masa foldar Data Files ta gem ɗin da ka mallaka shi ke nan, kuma yadda yake loda mods yafi na asali tsafta don kowane mod a foldarsa yake zama, kana jera su a openmw.cfg. Illarsa mods ɗin da aka gina kan MWSE, wani ƙari na injin asali, basa aiki a cikinsa. Diablo na farko akwai DevilutionX, Doom akwai GZDoom, RollerCoaster Tycoon 2 akwai OpenRCT2, na zamanin DOS kuma DOSBox. Maigidana Generals Zero Hour yake so da mod ɗin Shockwave, shi har yanzu ta Wine muke buɗe masa, amma tunda EA suka saki lambobin tushen Generals a Fabrairun 2025 ina sa ran shi ma zai samu irin wannan gatan.

Inda na sha wuya Skyrim ne da Mod Organizer 2, don shi baya kwafar mods cikin gem, wata foldar bogi yake nuna wa gem ɗin lokacin da yake gudu, kuma sai an zauna an saita kafin wannan dabarar ta yi aiki a Proton. Yana yi, amma ba zan ce wa sabon shiga ya fara da shi ba.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum, ina bin maganar daga Zinder. Ni bani da ordinateur, waya gare ni. Na ga yara suna buga San Andreas na PC da NFS Most Wanted a Android da Winlator, shin abu ɗaya ne da wanda kuke faɗi? mods za su shiga?

Abu Sumayya: Wa alaikumus salam, barka da zuwa. Wine ɗin ne dai a ciki, sai dai aikin ninki biyu ne. Wine kamar tafinta yake, gem yayi magana da yaren Windows shi ya mayar wa Linux, amma a laptop injin da ke ƙasa iri ɗaya ne da wanda aka rubuta gem ɗin dominsa. Waya kuma ARM ce, don haka sai Box64 ya sake juya umarnin x86 ɗin kansa, shi yasa take zafi take shan caji. Masu Snapdragon sun fi morewa saboda direban Turnip na girafik ɗin Adreno, masu MediaTek sai an yi ta gwaji. Mods kuwa dokar ɗaya ce, gyaran faɗin sikirin na Most Wanted 2005 shi ma dinput8.dll yake amfani da shi, ka shiga saitin kwantenar ka saka wancan override ɗin. Kwantena a Winlator ita ce prefix.

Mai Gyara Farm Centre: Abu ɗaya zan ƙara wanda yafi duk gardamar nan muhimmanci a wurina. Kada wani ya ɗauka don yana Linux bairos ba zai taɓa shi ba. An kawo min injin wani yaro da ya karɓo gem a filash daga wani shago, exe ɗin da cuta a jikinsa, kuma abin da zai buɗe gem zai buɗe cutar. Wine ma haka ne ko ba haka ba injiniya?

Abu Sumayya: Haka ne Malam, ɗari bisa ɗari. Wine ba katanga bace. Yana nuna wa shirin Windows duk fayilolinka ta drive Z, abin da kai za ka iya gogewa shi ma zai iya. Kar a taɓa buɗe Wine da sudo, umarnin da ke ba shiri cikakken iko a kan injin, kuma mods a ɗauko daga inda masu su suka ajiye, SilentPatch da ASI Loader da CLEO duk suna GitHub, sauran a Nexus Mods ko ModDB. Fayilin .asi shiri ne cikakke ba hoto ba. Mai son ƙarin kariya yayi amfani da Bottles na Flatpak, shi a killace yake baya ganin foldojinka sai wadda ka bashi izini.

Kuma tunda ka kawo shawarar raba had biyu, wanda zai bi ta ya kiyaye abu biyu. Ya kashe Fast Startup a Windows, in ba haka ba Mint zai ga ɓangaren Windows mai tsarin NTFS a kulle, karatu kawai babu rubutu, sebin ɗin gem da saitin mods su ƙi zama. Sannan kar ya gina prefix a kan NTFS, don akwai sunaye irin c: a cikin dosdevices da Windows baya yarda da su. Prefix a ɓangaren Linux mai tsarin ext4, ko da gem ɗin yana can gefen.

Mai Gyara Farm Centre: Wannan na Fast Startup na sha ganinsa. To a nan mun haɗu. Ni dai har yanzu wanda ya zo shago yace gem kawai yake so Windows zan saka masa, wanda yace yana son ya koya in turo shi gidan nan.

Sai Masu Gida: data fa? kar in fara in tarar giga goma ake nema

Ummu Haidar: Mint kansa kusan giga 3 ne, ka karɓa a filash wurin wanda ya riga ya sauke. Lutris ƙarami ne amma zai sauke Wine ɗinsa da kayan 32-bit don tsofaffin wasannin nan duk 32-bit ne, ka tanadi kamar giga ɗaya zuwa biyu ka yi da dare. Bayan nan babu ruwanka da intanet. Kafin ka goge komai ka tashi Mint daga filash ɗin ka soka hannayenka ka gani ko ya gansu, kuma ka kwafi foldar KONAMI da ke cikin Documents, option file ɗinka da Master League suna can ba a foldar gem ba.

Ɗan Zoo Road: Na kashe DXVK baƙin sikirin ya tafi, na saka SilentPatch ma, tun ɗazu nake yawo daga Los Santos har San Fierro bai fita ba. Nagode yaya, nagode anti, Malam mai gyara kai ma nagode da maganar bairos don daga filash ɗin abokina na so in karɓi Most Wanted. Tsohon sebin ɗina kuma na same shi a had ɗin, ina zan zuba shi?

Abu Sumayya: A cikin prefix ɗin gem ɗin, drive_c/users/sunanka/Documents/GTA San Andreas User Files. In ka ga Documents ɗin tana kai ka ta Mint ba matsala, Wine ne ke haɗa su wani lokacin, nan ɗin ne. Fayilolin GTASAsf1.b zuwa 8 kawai za ka kwafa, bar gta_sa.set na tsohon injin don saitin sikirin ne a ciki kuma yana iya hana gem tashi, zai ƙirƙiri sabo da kansa.